Sharhi: Yadda jinkirin da bai kai ƙiftawar ido ba ke iya sakin gurɓataccen kaya daga masana'anta

Ƙungiyar GS1, wadda ke tsara lambobin da ake bugawa a jikin kayan sayarwa a faɗin duniya, ta sanya ƙarshen shekarar 2027 a matsayin lokacin da take son injinan karɓar kuɗi na manyan kantuna su iya karanta sabbin lambobi masu kusurwa huɗu, irin lambar QR. Za su yi aiki ne tare da tsohuwar lamba mai layi-layi, wadda aka fara karantawa a jikin fakitin cingam a wani kanti da ke garin Troy na jihar Ohio a Amurka ranar 26 ga Yunin 1974.

Masu harhaɗa magunguna sun riga kowa shiga wannan tsari, kuma doka ce ta tura su. Tun ranar 9 ga Fabrairun 2019 Tarayyar Turai ta wajabta cewa kwalin maganin da sai likita ya rubuta ake sayarwa ya ɗauki lamba tasa shi kaɗai. Amurka tana da irin wannan doka da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a Nuwamban 2013, wadda aka yi ta aiwatarwa mataki-mataki, har aka ba ƙananan kantunan magani wa'adin zuwa 27 ga Nuwamban 2026. Indiya, wadda magungunanta suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma, ta tilasta sanya irin wannan lamba a kan magunguna 300 da aka fi saye a ƙasar daga 1 ga Agustan 2023. A Najeriya ma hukumar NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta rungumi ƙa'idojin GS1 domin bin sawun magani daga masana'anta zuwa hannun majiyyaci.

Duk waɗannan dokoki sun dogara ne kan wani ƙaramin aiki da ake yi a ɗakin shirya kaya. Bayan inji ya buga lambar, akwai kyamara da za ta ɗauki hoton kowane kwali yana gudu a kan bel, ta tabbatar lambar tana karantuwa, sannan ta ba da umarnin a bar shi ya wuce ko a ture shi gefe. Ingancin wannan aiki ya rataya ne kan lokacin da aka ce wa kyamarar ta ɗauka, da lokacin da aka ce wa hannun turewa ya motsa. Idan ɗayansu ya kauce da 'yan milisakan, kayan da ya lalace yana iya wucewa, kuma rajistar kwamfuta ta nuna cewa komai lafiya.

Abin da ke faruwa a kan bel

Injiniyoyi suna kiran saƙon da ke sa kyamara ɗaukar hoto da sunan da ake kiran kunamar bindiga, domin aikinsu iri ɗaya ne. Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A shekarar 1878, a gonar Leland Stanford da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya, mai ɗaukar hoto Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen filin sukuwa, ya gitta wayoyi a kan hanyar, ta yadda wucewar dokin ce da kanta ke tayar da kowace kyamara. Da haka ya nuna cewa akwai lokacin da doki mai gudu ke ɗage ƙafafunsa huɗu duka daga ƙasa.

A masana'antar zamani, haske ne ya maye gurbin waya. Ana kafa wata 'yar na'ura mai suna sensa a gefen bel, tana harba siririn haske zuwa ɗaya gefen. Da kwali ko kwalba ta gitta hasken, sai wutar da ke cikin wayar sensar ta tashi daga sifili zuwa bolt 24, wanda shi ne ma'aunin da aka fi amfani da shi a masana'antu. Wannan tashin na farat ɗaya shi ne kunamar.

Daga nan abubuwa suke bin juna. Kyamara ta buɗe idonta, fitila ta yi walƙiya a daidai wannan lokaci, hoton ya tafi kwamfuta, manhaja ta duba ta yanke hukunci, sannan a ajiye hukuncin har kwalin ya isa wurin da ake ture kaya, wanda galibi bututu ne mai furzar da iska ko wani hannun ƙarfe. Kowane mataki yana cin nasa lokacin, kuma bel ba ya jiran kowa.

Lissafin da ke bayansa

Milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa, maikrosakan kuwa kashi ɗaya cikin miliyan. Ƙiftawar idon mutum tana cin milisakan 100 ko fiye.

Layin da ke cika kwalabe 36,000 a awa yana fitar da 10 a kowace daƙiƙa. Ke nan kowace kwalba tana da milisakan 100 kacal na a ɗauki hotonta, a duba, a yanke hukunci, kafin ta bayanta ta iso.

Matsi mafi tsanani yana wajen ɗaukar hoton kansa. A ce bel yana gudun mita ɗaya a daƙiƙa. Hakan na nufin kwali yana matsawa milimita ɗaya a kowane milisakan. Lambar da ake bugawa a kwalin magani, wadda ake kira DataMatrix, ta ƙunshi ƙananan ɗigogi baƙi da fari, kuma a ce kowane ɗigo ya kai sulusin milimita. Idan kyamara ta bar idonta a buɗe na milisakan ɗaya, kwalin ya riga ya matsa tsawon ɗigo uku, baƙi da fari sun cakuɗe, lambar ta zama dishi-dishi.

Maganin wannan shi ne a rage lokacin buɗewar, misali zuwa maikrosakan 50. Amma rage lokaci ninki 20 yana nufin hasken da zai shiga ya ragu ninki 20, don haka sai an nemo haske mai ƙarfin gaske. Shi ya sa ake amfani da fitilun LED da ake ɗura wa wuta fiye da ƙima na ɗan ƙanƙanin lokaci, su yi walƙiya su mutu kafin su yi zafi. Walƙiyar dole ta faɗa cikin wannan taga ta maikrosakan 50. Idan ta makara da rabin hakan, hoton zai fito da rabin haskensa, manhaja kuma ta fara ƙin kayan da babu abin da ya same su.

Irin kyamarar ma tana da tasiri. Yawancin wayoyin hannu suna ɗaukar hoto ne layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa, abin da ke sa farfelar fanka mai juyawa ta fito a lanƙwashe a hoto. A kan bel mai gudu, irin wannan kyamara tana karkata siffar kaya. Masana'antu sun fi sayen wadda dukkan ɗigoginta ke buɗewa su rufe lokaci guda, duk da cewa ta fi tsada.

Waya ko manhaja

Hanyoyi biyu ne na isar da kunama ga kyamara. Ta farko ita ce wayar sensa ta shiga kyamarar kai-tsaye. Ta biyu ita ce saƙon ya fara zuwa kwamfuta, manhaja ta gan shi, sannan ta tura wa kyamara umarni ta kebul.

Hanya ta biyu ta fi sauƙin haɗawa, ta fi araha, shi ya sa take da farin jini wurin masu neman rage kuɗi. Matsalarta ita ce kwamfutar yau da kullum, mai aiki da Windows ko makamancinta, tana raba hankalinta tsakanin ayyuka da dama. A wannan karon tana iya amsa saƙon cikin milisakan ɗaya, a karo na gaba ta ɗauki goma saboda tana rubuta wani abu a ma'ajiyarta.

A nan ne injiniyoyi ke bambanta jinkiri da tangal-tangal ɗin jinkiri. Jinkirin da ba ya canzawa abu ne mai sauƙi: idan an san kyamara kullum tana makara da milisakan biyu, sai a gusa sensar baya da milimita biyu, magana ta ƙare. Wanda ke canzawa daga kwali zuwa kwali shi ne ba a iya yi masa tanadi. A bel mai gudun mita biyu a daƙiƙa, bambancin milisakan biyar santimita ɗaya ne cur, wanda ya isa ya fitar da gefen lamba daga cikin hoto.

Kunamar da ta bi waya kai-tsaye tana isa cikin 'yan maikrosakan, kuma bambancinta daga wannan karo zuwa wancan ƙanƙani ne ƙwarai. Wannan ne dalilin da ya sa a layukan da ke gudu sosai ake damƙa aikin lokaci ga keɓaɓɓun na'urorin lantarki da ba su da wani aiki sai shi, a bar wa kwamfuta duba hoto kawai.

An bar jaki ana dukan taiki

Kuskuren da ya fi haɗari yana faruwa ne bayan kyamara ta gama aikinta daidai. Wurin ture kaya ba ya zama a ƙarƙashin kyamara, domin kwamfuta tana buƙatar lokacin tunani. A ce yana gaba da santimita 80, kwalaye kuma suna jere da tazarar santimita 10. Ke nan a kowane lokaci akwai kwalaye takwas a tsakani, kowanne da hukuncin da aka yanke masa, kuma dole tsarin ya riƙe wane hukunci ne na wane kwali.

Hanya mafi arha ita ce a yi amfani da agogo: idan an ga lalataccen kwali, a jira milisakan 800 sannan a furza iska. Wannan yana aiki muddin bel yana gudun mita ɗaya a daƙiƙa ba ragi ba ƙari. Idan gudun ya ragu da kashi 10 cikin ɗari, cikin milisakan 800 kwalin zai yi tafiyar santimita 72 ne kawai. Iskar za ta samu kwalin da ke gabansa, wanda lafiyarsa ƙalau, shi kuma lalataccen ya wuce salin-alin. A rajista za a ga an gano lalatacce ɗaya, an ture ɗaya, lissafi ya cika.

Abin da ke hana haka shi ne a daina ƙirga lokaci, a koma ƙirga tazara. Ana maƙala wa bel wata na'ura mai suna enkoda, wadda ke da ƙaramar taya da ke juyawa tare da shi tana fitar da bugun lantarki. Idan kewayen tayar santimita 20 ne kuma tana bugu 2,000 a kowane juyi, kowane bugu kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. Sai a ce wa tsarin ya ture kwalin bayan bugu 8,000. Ko bel ya yi sauri, ko ya yi nawa, ko ya tsaya cak ya sake tashi, lissafin yana nan daram.

Ga kayan da ba su da farko ko ƙarshe, kamar atamfa, takarda, leda ko farantin ƙarfe, enkoda ita ce komai. Kyamarar da ke duba su layi ɗaya siriri take ɗauka a kowane bugu, kwamfuta ta jera layukan su zama hoto. Idan bugun bai dace da gudun kayan ba, hoton yana miƙewa ko ya tsuke, ramin da ke da faɗin milimita biyu ya bayyana kamar ɗaya.

A masana'antun magani ana ƙara matakan kariya. Akwai sensa ta biyu a bakin kwandon da ake zuba kayan da aka ƙi, wadda ke tabbatar da cewa abin da aka ce a ture ya faɗa ciki, idan kuma bai faɗa ba layin ya tsaya. Ana kuma juya ƙa'idar aikin ta yadda kowane kwali lalatacce ne har sai kyamara ta aiko da saƙon wanke shi. Da haka, idan waya ta tsinke ko kyamara ta yi shiru, layin zai ƙi komai maimakon ya saki komai.

A tsarin lamba ɗaya ga kwali ɗaya, illar wannan kuskure ta wuce asarar kwali. Lambar da aka yi zaton an ture ana soke ta a rumbun bayanai. Idan ashe kwalin da ke ɗauke da ita ya wuce, zai isa kantin magani a matsayin abin tuhuma, ko da maganin da ke ciki na gaske ne. Turai ta sha fama da gargaɗin ƙarya masu yawa a farkon aiwatar da dokarta, galibi saboda na'urorin karanta lamba da ba a saita daidai ba da kuma bayanan da ba a ɗora ba. Hatsarin yawan gargaɗin ƙarya shi ne mai sayar da magani ya saba da shi, ya daina ɗaukarsa da muhimmanci ranar da na gaskiya ya zo.

Saƙon da ba na gaskiya ba

A takarda, saƙon lantarki na dijital abu biyu ne kawai, ko akwai ko babu. A cikin masana'anta ba haka yake da tsabta ba. Manyan injina da na'urorin da ke sarrafa gudunsu suna watsa hayaniyar lantarki, kuma wayar sensa da aka shimfiɗa kusa da kebul ɗin wuta tana iya kwasar wannan hayaniya ta kai wa kyamara kamar kunama ce. Sai kyamara ta ɗauki hoton bel babu komai a kai.

Kayan da kansu suna iya ruɗa sensa. Kwalbar gilashi ko leda mai sheƙi tana iya katse haske, ta sake shi, ta sake katsewa, sensa ta ƙirga kwalba ɗaya a matsayin biyu. Haka kuma idan kunama ta biyu ta iso kyamara tana tsakiyar aika hoton farko, kyamarori da yawa watsi suke yi da ita, kwali ɗaya ya wuce ba a duba shi ba. A tsarin da ke jera hukunci bi da bi kawai, ƙari ɗaya ko ragi ɗaya ya isa ya gusar da layin gaba ɗaya, kowane kwali ya riƙa karɓar hukuncin maƙwabcinsa har sai wani ya lura.

Magungunan wannan sanannu ne. Ana sa tacewa da ke watsi da duk bugun da bai kai wani tsawon lokaci ba, ana amfani da waya mai rigar kariya, ana raba hanyarta da ta wutar injina, ana kuma shigar da saƙon ta wata na'ura da ke mayar da shi haske kafin ya koma lantarki, domin kada tartsatsin wuta ya ƙona kyamara. Sai dai kowanne yana da farashinsa. Tacewar da ke jiran maikrosakan 100 kafin ta yarda da saƙo ta ƙara jinkirin maikrosakan 100, kuma dole a saka shi cikin lissafi.

Kyamarori da yawa, agogo ɗaya

Layukan zamani ba sa tsayawa kan kyamara guda. Kwalba tana iya buƙatar huɗu ko shida su kewaye ta, mutum-mutumin da ke ɗaukar kaya kuma yana buƙatar biyu su ɗauka lokaci guda kafin ya gane zurfi. A da, sai a ja wayar kunama zuwa kowace ɗaya. Yanzu masana'antu suna komawa ga raba agogo ta kebul ɗin sadarwa.

Ƙa'idar da ake bi ita ce IEEE 1588, wadda ta fito a 2002, aka sabunta ta a 2008 da 2019. Na'ura ɗaya ce ke zama uwar agogo, sauran su riƙa musayar saƙonni da ita suna auna tsawon lokacin da saƙo ke ɗauka a hanya, su gyara nasu. Da kayan aiki masu dacewa, bambancin da ke tsakaninsu yana sauka ƙasa da maikrosakan ɗaya. Tsarin haɗa kyamarori na GigE Vision, wanda aka fitar a 2006, ya shigar da wannan ƙa'ida a bugunsa na biyu a 2011. Da ita ana iya gaya wa kyamarori goma tun da wuri cewa su ɗauka a lokaci kaza, ko da umarnin bai isa gare su tare ba.

Dole ne gyaran ya zama na kullum, domin babu agogon lantarki biyu da ke tafiya daidai. Wanda ke kuskuren kashi 50 cikin miliyan yana kaucewa da milisakan uku a minti ɗaya, da fiye da daƙiƙa huɗu a yini.

Misalin da ake yawan koyar da ɗaliban injiniya kan wannan ya fito ne daga fagen yaƙi. Ranar 25 ga Fabrairun 1991, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot da ke Dhahran a Saudiyya ta kasa tare makami mai linzami samfurin Scud da Iraƙi ta harbo, ya faɗa kan masaukin sojojin Amurka ya kashe 28. Binciken gwamnatin Amurka ya gano cewa bayan kusan awa 100 tana aiki ba a kashe ta ba, ƙaramin kuskuren lissafi ya taru a agogonta ya kai kusan sulusin daƙiƙa. A gudun Scud, wannan ya haura rabin kilomita, na'urar ta duba inda makamin ba ya nan.

Ƙirƙirarriyar basira ba ta rufe wannan giɓi ba

Harkar kyamarorin masana'antu ta daɗe. Kamfanin Cognex na Amurka an kafa shi tun 1981, akwai kuma Keyence na Japan da Basler na Jamus. Abin da ya fi jan hankalin masu saye a 'yan shekarun nan shi ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ke koyon gane aibi daga misalai, kuma sun fi tsofaffin manhajoji iya gano abubuwa marasa tsayayyar siffa kamar ƙarzuwa ko tabo.

Amma manhaja ba ta ganin abin da hoto bai ɗauko ba. Haka kuma waɗannan manhajoji sun fi cin lokacin lissafi, kuma lokacin yana iya bambanta daga hoto zuwa hoto. Hukuncin da ya iso bayan kwali ya wuce wurin turewa ba shi da amfani komai daidaitonsa. Saboda haka shigowarsu ta ƙara wa tsara lokaci nauyi: sai an tanadi abin da layin zai yi idan amsa ta makara, kuma amsar da ta fi aminci ita ce a ture kayan.

Inda abin ya shafi Najeriya

Wannan fasaha ta riga ta shigo arewacin Najeriya ta ƙofar shinkafa. Manyan injinan casa a Kano, Kebbi da Jigawa suna amfani da injin tantance launi, irin waɗanda kamfanonin Bühler na Suwizalan, Satake na Japan da wasu na Sin ke ƙerawa, haka ma masu gyara riɗi domin fitarwa waje. A cikinsa ƙwayoyi suna gangarowa ta kwararo su faɗo a gaban kyamara, ƙananan bututai kuma su furza iska kan baƙar ƙwaya ko tsakuwa.

Idan ƙwaya tana faɗowa da gudun mita huɗu a daƙiƙa, bututun kuma yana ƙasa da santimita huɗu, milisakan 10 ne tsakanin gani da furzawa. Ƙwaya mai tsawon milimita bakwai tana wuce bakin bututun cikin ƙasa da milisakan biyu. Idan saitin ya kauce, tsakuwa ta shiga buhu. Idan mai injin ya tsawaita furzawar don kada ya kuskure, kowace baƙar ƙwaya za ta tafi da lafiyayyu da dama, riba ta bi iska.

Yanayin aiki a ƙasar yana tsananta duk matsalolin da aka lissafa. Gudun injin lantarki da aka jona kai-tsaye yana bin bugun wutar da ke shigarsa, wanda a Najeriya ya kamata ya zama 50 a daƙiƙa. Idan janareta ya sha nauyi ya sauka zuwa 48, bel ya rage gudu da kusan kashi huɗu cikin ɗari, wato fiye da santimita uku a tazarar santimita 80. Sauyawa daga wutar gwamnati zuwa janareta yana iya goge jerin hukuncin kayan da ke kan hanya. Masana'antun arewa sun ɗanɗana wannan a Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa yawancin jihohin yankin cikin duhu na kwanaki. Ƙurar hunturu kuma tana dusashe gilashin sensa, ta sauya lokacin da take ganin kaya.

A ɓangaren magani, gwamnati tana matsawa ta fuska biyu. A Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin cire haraji daga injina da kayan haɗin da masu harhaɗa magunguna ke shigowa da su. Ana kuma ƙoƙarin tsaftace hanyar rarrabawa, kamar yadda aka gani a Fabrairun 2024 lokacin da hukumomi suka rufe shagunan magani a Sabon Gari da ke Kano domin tilasta komawa cibiyar Dangwauro, da samamen NAFDAC a kasuwannin Idumota, Onitsha da Aba a Fabrairun 2025. Dalilin a fili yake: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki jabu ne ko maras inganci.

Cire haraji zai sauƙaƙa sayen kyamara. Abin da ba a iya shigowa da shi a kwantena shi ne ma'aikacin da ya san yadda ake auna jinkiri, ya gane enkodar da tayarta ta fara sulɓi, ya kuma ƙi yarda a kashe na'urar turewa don kawai tana rage yawan abin da aka fitar a yini. Wannan aiki ne na kwalejojin kimiyya da fasaha da sassan injiniya na jami'o'i, da kuma yarjejeniyar da masu masana'antu ke ƙullawa da masu sayar musu da injina kan horo da kayan gyara.

Iyakar abin da kyamara ke gani

Kyamarar da ke duba kwali tana tabbatar da lamba, rubutu, murfi da cikar kwalba. Ba ta san abin da ke narke a cikin ruwan magani ba. Gubar da ta kashe yara 84 a Najeriya ta hanyar wani maganin haƙori tsakanin 2008 da 2009, da wadda aka alaƙanta da mutuwar yara kusan 70 a Gambiya a 2022, gwajin ɗakin bincike ne kaɗai ke gano irinta. Amfanin lamba a irin wannan hali shi ne saurin gano inda kowane kwali na rukunin da ya gurɓata ya tafi, a janye shi. Wannan kuwa yana yiwuwa ne idan abin da rumbun bayanai ya ce ya fita daga masana'anta shi ne ainihin abin da ya fita.

Gwajin da ke tabbatar da haka ba shi da tsada. A farkon kowane zangon aiki ana saka kwalaye da aka san lalatattu ne, aka yi musu alama, a tsakiyar lafiyayyu, a ga ko su ɗin ne suka faɗa kwando. Ana maimaitawa a gudu mafi sauri da mafi nawa, da kuma bayan an tsayar da bel an sake tayar da shi. A masana'antar da ke aiki da janareta, ya dace a ƙara da gwaji bayan kowace sauyawar wuta.

Yayin da 2027 ke ƙaratowa, kuma lambobin suke shirin bazuwa daga magani zuwa abinci, abin sha da kayan shafawa, rajistar wannan gwaji na cikin abubuwan da jami'an sa ido da masu sayen kaya da yawa za su buƙaci gani idan sun shiga masana'anta, kafin su yarda da alƙaluman da ke kan allon kwamfuta.